Neman diyyar rauni a Zariya: tambayoyi da amsoshi

Zariya mahaɗar hanyoyi ce. Wadda ta taso daga Kaduna, da ta Kano, da ta Funtuwa zuwa Sakkwato, da ta Jos, duk a nan suke gamuwa. Shi ya sa a Kwangila ko Ɗan Magaji za ka ga tirela da bas da Keke da ɗan acaɓa da yarinya mai talla suna rabon kwalta ɗaya. Inda ake irin wannan cakuɗa ba a rasa haɗari. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya: mutum ya karye, ya sayar da gona ko babur ya yi jinya, ya koma gida da ɗingishi, wanda ya jawo masa kuwa ko kuɗin allura bai biya ba. Galibi a makon farko haƙƙin ke salwanta, lokacin da mai shi ke kwance bai san inda kansa yake ba. Amsoshin nan bayani ne na gama-gari. Kowace matsala da irin tata fuskar, don haka ba za su maye gurbin zama da lauya ba.

Neman diyya bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba?

Da wannan na fara domin ita ce ke rufe bakin yawancin mutanenmu. Musulmi ya yarda babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta. To, Allahn da ya ƙaddara haɗarin shi ne ya saukar da hukuncin diyya. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, an yi maganar wanda ya kashe mumini bisa kuskure, aka ce ya miƙa diyya ga iyalan mamacin, sai fa idan su suka bar masa sadaka. An fara tabbatar da haƙƙin, sannan aka buɗe ƙofar yafiya. Direban da ya yi gudun wuce sa'a a tsakiyar Tudun Wada bai fito da niyyar karya kowa ba, amma kuskure ba ya sauke nauyin biya.

Yafiya alheri ce babba, ba na hana kowa yin ta. Roƙona shi ne a yi ta da sani, bayan mutum ya san girman abin da ya same shi, kuma ya tabbata haƙƙinsa ne yake yafewa. Kawu ba shi da hurumin yafe kason marayun da ɗan'uwansa ya bari don kawai yana jin nauyin Alhajin da ya zo gaisuwa. Babba na iya barin nasa kason, dukiyar maraya kuwa ba abin kyauta ba ce.

Wanda ba Musulmi ba, a Wusasa yake ko a Sabon Gari, dokar ƙasa ta ba shi wannan haƙƙi daidai da kowa.

Haɗari ya faru yanzun nan. Me za a fara yi?

Asibiti tukuna. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Saboda haka "sai an kawo takardar 'yan sanda" ba hujja ba ce ta barin mai zubar da jini a kan benci. Rauni mai tsanani, irin na kai ko na ƙashin baya, Asibitin Koyarwa na Shika ake nufa da shi. Akwai kuma Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Sauran aikin na ɗan'uwa ne ko aboki mai nutsuwa, wanda zai koma wurin kafin a janye motocin. Ya ɗauki hoton lambar motar, da yadda motocin suka tsaya, da sawun birki a kan kwalta, da inda jini ko gilashi ya zuba. Ya karɓi lambar wayar waɗanda suka gani da idonsu. Fasinja matafiyi ne, gobe ba za a same shi ba. Mai faci da mai shayi da mai sayar da lemu a bakin titin kuwa suna nan kullum, su ne shaidun da ake iya komawa a samu. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, a nemi 'yan sandan kula da zirga-zirga su zo su auna wurin su zana taswirarsa, jami'in duba lafiyar motoci kuma ya duba motar. Idan birki ne ya shanye ko tayar ta gama cinyewa, a rahotonsa zai fito.

Daga ranar kuma a samu leda ɗaya a riƙa tara komai a ciki: katin asibiti, takardar magani, hoton ƙashi, rasit na kowane abu, har na kemis. A ajiye wayar da aka ɗauki hotunan da ita, domin Dokar Shaida ta 2011 tana son bayanin na'urar da ta samar da hoto kafin kotu ta karɓe shi.

Mu wurin mai ɗori muka je, ba asibiti ba. Mun rasa haƙƙinmu ke nan?

Ba ku rasa ba, amma kun wahalar da shi. Mai ɗori ba ya buɗe fayil, ba ya ba da rasit, ba ya rubuta ranar da aka kawo mutum da irin karayar da ya zo da ita. Alƙali kuwa da takarda da shaidar likita yake aiki. Akwai matsala ta biyu: idan ƙafar ta ɗore a karkace ko ta ruɓe har aka yanke, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce haɗarin karaya kawai ya jawo, sauran aikin ɗori ne. Ko da iyali sun ƙudura sai ɗorin gida, a fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta abin da ya gani. Wanda ya riga ya wuce wannan mataki, ya je yanzu. Rahoton da aka makara da shi ya fi babu.

Dangin direban sun zo ban haƙuri har da kuɗi. Mu karɓa?

Duk wanda ya yi zaman jinya a ɗakin masu karaya ya san yadda abin ke kasancewa. Da la'asar sai ga yayan direban da limamin unguwarsu, da kular abinci da lemun kwalba. A gaisa, a jajanta. Can sai liman ya sassauta murya ya ce wa mahaifin yaron, "Malam, sai haƙuri, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ga wannan a sayi magani." A tura ambulan ƙarƙashin filo. Dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai ba komai, mun yafe duniya da lahira." Washegari a kira shi ofishin 'yan sanda ya dangwala yatsa a takardar da ke cewa an sasanta, babu sauran magana, a saki mota. Bayan wata uku likita ya ce ƙashin bai kama ba, sai an sake aiki an sa ƙarfe. A kira lambar yayan direba, a ji ta a kashe.

Babu mugu a cikin mutanen nan. Sun zo da mutunci, an karɓe su da mutunci. Kuskuren shi ne an rufe lissafi tun ba a san jimla ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau, ƙa'ida ce sananniya cewa ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, domin sai a lokacin ake sanin abin da ya bari. Lauyoyi ma haka suke jiran rahoton likita na ƙarshe kafin su faɗi adadi.

Don haka a karɓi kuɗin, amma a faɗi matsayinsa a gaban kowa: "Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mun karɓi wannan a matsayin kuɗin magani. Sauran magana sai likita ya gama aikinsa." A rubuta adadin da ranar, shaidu biyu su sa hannu. Duk takardar da ta ce an biya komai an gama, kada a sa mata hannu sai wanda ya iya karatun irinta ya karanta ya fassara. Kotu tana girmama sulhun da manya suka yi da yardarsu, kuma warware shi daga baya aiki ne mai wuya, sai an tabbatar da tilas ko yaudara.

Sulhun kansa abu ne mai kyau. Ya fi shari'a sauri da arha, kuma ba ya raba maƙwabta. Ko a gaban mai unguwa aka yi shi, ko hakimi, ko shugabannin ƙungiyar direbobi, a rubuta shi dalla-dalla: nawa, yaushe, wa zai biya, kuma me zai faru idan an buƙaci wani aikin tiyata nan gaba.

Direban talaka ne, ba shi da ko sisi. Wa za mu kama?

A bincika motar ta wace ce. Idan direba ma'aikacin wani ne, kuma a bakin aikin ya yi haɗarin, doka ta ɗora wa maigidansa alhakin sakacinsa. Tirelar da ta hau kan mutane a hanyar Kano, kamfanin da ya mallake ta ake haɗawa da direban a ƙara ɗaya. Haka motar makaranta, haka motar rabon kaya.

Inda abin ke rikicewa shi ne Keke da babur. Wani an ba shi ne yana kawo balas kullum, wani kuma ya saya ne yana biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Ko mai abin hawan zai ɗauki alhaki ko ba zai ɗauka ba, ya danganta da irin yarjejeniyar da ke tsakaninsu da yawan ikon da yake da shi a kan aikin direban. A nemo takardun abin hawan da takardar yarjejeniyar tun da wuri.

Idan direban ya gudu, lambar mota ce abin riƙo, ko da rabinta aka gani. Da ita 'yan sanda ke iya bin sawun mai motar, wani lokaci kuma 'yan tasha sun san motar da launinta da rubutun da ke bayanta.

Wai da gaske inshora na biya?

Tana biya, in ta gaske ce. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa da ke bin titi inshorar da ke kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, wadda direbobi ke saya tare da sauran takardun mota. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, irin motarka ko shagonka da aka rusa. Rauni da rasa rai ba a ƙarƙashin wannan iyaka suke ba. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi kan wannan takarda, a watan Agustan 2025 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin dokokin wuri ɗaya.

Damuwar ita ce takardun bogi. Direbobi da yawa sun ɗauki inshora a matsayin takardar wuce shinge kawai, suna karɓarta a hannun ɗan kamasho ba tare da tambayar kamfanin da ya bayar ba. Ana iya tantance ta da lambar mota a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, ta waya. Idan ta tabbata, a rubuta wa kamfanin wasiƙa da wuri, a haɗa da rahoton 'yan sanda da na likita, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan za a shiga kotu ma dole a sanar da kamfanin a rubuce, domin rashin sanarwa na iya ba shi hanyar zamewa daga biyan abin da kotu ta yanke. Kamfanin da ya tsaya jan ƙafa, ana kai kukansa NAICOM.

Idan ta bogi ce, haƙƙin bai faɗi ba. Ya koma kan direba da mai mota, su biya daga aljihunsu.

Me ake biya, kuma nawa?

Kotu ta raba diyya gida biyu. Na farko shi ne abin da ake iya lissafawa: kuɗin asibiti, magani, sufuri, gyaran babur, da abin da mutum ya rasa na sana'arsa a watannin da yake kwance. Wannan sai an jera shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma kawo hujjar kowanne. Abin da ba a tabbatar ba, alƙali zai tsallake shi ko da ya san gaskiya ne. Amfanin ledar rasit ke nan.

Na biyu shi ne abin da ba shi da rasit: azabar da aka sha, naƙasa, tabon fuska, da raguwar ƙarfin neman abinci har ƙarshen rayuwa. Alƙali ne ke ƙiyasta wannan, yana duba shekarun mutum, sana'arsa da abin da likita ya rubuta. Yatsu biyu na hannun dama a wurin mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, sana'arsa ce gaba ɗaya ta tafi, kuma wajibi ne lauyansa ya nuna wa kotu haka.

Masu albashi ba su da wahalar nuna abin da suke samu. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su nemo littafin ciniki, saƙonnin shigar kuɗi na banki, littafin adashi, ko shaidar shugaban ƙungiyarsu. Duk wanda ya yanke maka adadi tun bai ga takarda ko ɗaya ba, ka yi hattara da shi.

Ni ma da laifina, ban sa hular kwano ba.

Wannan ba ya kashe ƙara. Kotu tana raba laifin, ta rage diyyar gwargwadon kason mai ƙara. Ka faɗa wa lauyanka gaskiya tun ranar farko.

Wace kotu za mu je, ta Shari'ar Musulunci ko Babbar Kotu?

Idan duka ɓangarorin Musulmi ne, mutum da mutum, ana iya zuwa kotun Shari'ar Musulunci. A nan ma'aunin sananne ne. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya kimanin giram 4.25 ne, shi ya sa adadin a naira ke hawa da sauka tare da farashin zinariya. Ido ɗaya ko hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya ne. Yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. Raunin da ba a ƙayyade masa adadi ba, alƙali ke ƙiyastawa. A asalin hukuncin, diyyar kuskure idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗuwa su biya, cikakkiyarta kuma a cikin shekara uku. Wanda ya yi kisan kuskure akwai kaffara a kansa, azumin wata biyu a jere, kuma yafe diyya ba ya sauke ta.

Idan kuwa akwai kamfani a ciki, ko kamfanin inshora, ko hukumar gwamnati, ko wanda ba Musulmi ba da bai amince da kotun Shari'a ba, to Babbar Kotun Jiha ce wurin zuwa, kuma tana zama a nan Zariya, ba sai an tafi Kaduna ba. Kuskuren zaɓen kotu na cin shekaru: a yi ta shari'a, daga baya a ce kotun ba ta da hurumi, a koma farko. Wannan kaɗai ya isa dalilin ganin lauya kafin a yanki sammaci.

'Yan sanda sun gurfanar da direban. Ba shi ke nan ba?

A'a. Waccan shari'ar laifi ce, tsakanin gwamnati da direba, kai shaida ne kawai a cikinta. Za a iya cin sa tara ko a ɗaure shi, tarar kuma asusun gwamnati take shiga. Doka ta ba alƙali ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta, don haka ka sanar da mai gabatar da ƙara abin da ka kashe, ka ba shi kwafin rasit. Amma cikakkiyar diyya, musamman daga mai mota ko inshora, sai ka shigar da taka ƙarar. Ko an sallami direban a can, taka na iya yin nasara, domin nauyin hujjar da ake nema a shari'ar laifi ya fi na shari'ar neman haƙƙi.

Akwai wa'adi?

Akwai, kuma ba ya jiran kowa ya warke. Dokar wa'adi ta Jihar Kaduna ta sa shekara 5 a matsayin wa'adin gama-gari ga ƙararrakin ta'adi da na yarjejeniya, amma wasu nau'o'in suna da nasu mafi gajarta. Mafi haɗari shi ne idan jami'in gwamnati ko hukuma ce ta yi ɓarnar a bakin aiki: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Akwai yanayin da kotuna suka ce wannan kariya ba ta aiki, amma ba abin dogaro ba ne. Ƙari a kan haka, hukumomi da yawa dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. A gari irin Zariya, mai cike da jami'a da kwalejoji da barikoki da asibitocin gwamnati, motar da ta buge ka tana iya zama ta hukuma. Idan haka ne, ko daga kan gadon asibiti a aika wani wurin lauya. Alkawarin "za mu duba" daga ofis ba ya tsayar da lissafin kwanaki.

A wurin aiki na ji rauni. Inji ne ya cinye mini hannu.

Wannan yana da tasa hanyar. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Daga nan ake biyan jinya, da diyyar naƙasa, da kuɗin iyalin wanda ya rasu, ba tare da sai an tabbatar da laifin maigida ba. Ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyyar cikin shekara 1. Dokar ta haɗa har da haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Ba ta shafi sojoji ba.

Gaskiyar lamari, masu injin niƙa da gidajen burodi da wuraren buga bulo da yawa ba su yi rajista ba. Wannan bai wanke su ba. Rikicin raunin wurin aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke saurarensa, tana kuma da reshe a Kaduna. Ma'aikacin da ba shi da takardar ɗaukar aiki ya riƙe duk abin da ke nuna yana aiki a wurin: katin shaida, saƙon biyan albashi, abokan aikin da za su faɗi gaskiya.

Idan sakacin asibiti ne, ko wayar wuta ce ta faɗo?

Ƙa'idar ɗaya ce: wanda nauyin kula ke kansa ya yi sakaci, sakacin ya jawo cuta. Sai dai ba kowace jinya da ta ƙi ba ce sakaci, kuma kusan kullum sai wani likitan ya yi bayanin inda aka kauce wa ƙa'idar aiki. A nemi kwafin bayanan fayil a rubuce. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa na iya ladabtar da likita har ta karɓe lasisinsa, amma ba ta biyan diyya, wannan aikin kotu ne. A maganar wayar wuta, babbar hujja ita ce an taɓa kai ƙorafi ba a gyara ba. Mutanen unguwa su saba da kai kukansu a rubuce, suna riƙe kwafi.

Maigidana ya rasu a haɗarin. Ni da yara muna da haƙƙi?

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Kuna da shi. Dokar ƙasa ta ba iyalin da mamaci ke ciyarwa damar neman diyyar abin da suka rasa, a Musulunci kuma diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyarsa, matar aure tana da kasonta. Ki tabbata an karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibiti. Muna gaggauta jana'iza, kuma daidai ne, amma likita ya rubuta sanadin rasuwar kafin a ɗauki gawa. Idan maza za su zauna sulhu kina cikin takaba, ki wakilta wanda kika amince da shi, ki ce kada a rufe magana sai an dawo an faɗa miki. Kason yara a ajiye shi inda akwai rubutu da shaidu.

Ba ni da kuɗin ɗaukar lauya.

Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta 2011 ta ambaci ƙararrakin haɗari da na diyyar ma'aikata a cikin abin da take taimaka wa marasa ƙarfi da shi. Tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana da sashen ba da shawara kyauta, Ƙungiyar Lauyoyi ma tana da reshe a Zariya. Akwai kuma lauyoyin da ke karɓar irin wannan aiki bisa sharaɗin sai an ci za su ɗauki kaso, kuma ƙa'idar aikinsu ta yarda da haka a shari'ar neman haƙƙi. A rubuta kason tun farko, a fayyace wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kawo likita ba da shaida. Lauyan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Mun ci shari'a, amma an ƙi biya.

Hukunci ba kuɗi ba ne, sai an bi shi. Kotu na iya umartar bankin wanda ake bi ya cire kuɗin daga asusunsa, ko ma'aikatanta su kama kadararsa a yi gwanjo. Idan kuɗin gwamnati ne a hannun jami'inta, doka ta ce sai an nemi amincewar Antoni Janar, abin da ke ƙara jan lokaci. Wanda aka kayar kuma na iya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna. Saboda haka tun kafin a shiga kotu ake tambayar wa zai biya, kuma da me.

Sau da yawa a tsakiyar shari'a ɗaya ɓangaren ke neman a daidaita, ya ce zai biya kashi-kashi. Idan adadin ya yi muku, ku karɓa, amma a rubuta ranar kowane kashi da yawansa, a kai wa alƙali ya amince da shi a matsayin hukuncin kotu. Ranar da aka saɓa kashi ɗaya, sai lauyanku ya koma wurin magatakarda ya nemi a zartar, ba sai an buɗe sabuwar ƙara ba.